Mariusz Zaruski da umarnin da ya bayar a kan dutse a 1910

*"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne, wata na biyar ke nan a Krakow ta ƙasar Polan. Ranar Asabar muka je Zakopane da abokan karatu, sai na yi ta cin karo da sunan wani Mariusz Zaruski, har titi aka sa wa sunansa. Wani ya ce mini janar ne, wani ya ce matuƙin jirgin ruwa ne, wani kuma ya ce shi ya koya wa mutanen wurin zamiya a kan dusar ƙanƙara. Sannan wani abokinmu ɗan ƙasar ya ce akwai tabo a tarihinsa, wai ya juya da mutanensa ya bar wani tsoho ya mutu a kan dutse. Don Allah wane ne shi, kuma da gaske ya aikata haka?"*

Wa alaikumus salam, ƙanena. Duk waɗanda suka ba ka amsa sun faɗi gaskiya, kowa dai gefen da ya kama ya riƙe. Janar ne, kyaftin ɗin jirgin ruwa ne, yana cikin mutanen farko da suka ɗaura allunan zamiya suka shiga tsaunukan Tatra, waɗanda garin Zakopane ke gindinsu, da sanyi, ya yi zane, ya rubuta waƙoƙi. Maganar abokinka ma tana da tushe. A watan Agustan 1910 Zaruski ya ba da umarni a juyo daga wani aikin ceto, wani dattijo bai juyo ba, ya rasu. Inda na saba da abokin naka shi ne wajen cewa "ya bar shi". Za mu zo wurin, amma sai mun ɗan zagayo, don ba a yi wa mutum shari'a ba a san shi ba, ba a kuma san dutsen da abin ya faru a kai ba.

Ni ma a Krakow na yi karatu, kuma kusan duk hutun da na samu kuɗin mota a Tatra na ƙarar da shi. Sana'ata yanzu ita ce horar da masu agajin gaggawa. Ta wannan fuskar nake kallon Zaruski, ka riƙe wannan a ranka yayin da kake karanta hukuncina.

Mutumin teku ne kafin ya zama mutumin dutse

An haife shi a watan Janairun 1867 a yankin Podoliya, wanda yau yake cikin Yukren. A lokacin babu ƙasar Polan a taswira. Tun 1795 Rasha da Purushiya da Ostiriya suka gama rabe ta, ba ta dawo ba sai 1918. Shi a ɓangaren Rasha ya tashi. Ya tafi Odesa ya karanta lissafi da kimiyyar fiziya a jami'a, kuma a wannan birni na bakin teku ya fara shiga jirage yana aikin ƙwadago a cikinsu. A 1894 hukumomin sarkin Rasha suka kama shi saboda harkar 'yan kishin ƙasa, suka kore shi zuwa Arkhangelsk, can arewa mai nisa a gaɓar Farin Teku.

Kora ce, amma ta zame masa makaranta. A can ya yi karatun tuƙin jirgi, ya shiga jiragen da iska ke turawa a ruwan arewa mai ƙanƙara, har ya kai ga zama kyaftin. Ina so ka lura da wannan, domin shi ne mabuɗin halinsa. A jirgi mutum ɗaya ke ba da umarni, kuma in hadari ya taso ba a zama shawara. Kyaftin yana ƙirga mutanensa da safe, yana so ya ƙirga adadin nan da yamma. Da wannan tarbiyya ya zo dutse.

Bayan ya gama wa'adinsa ya yi aure, ya koma Krakow a farkon shekarun 1900 ya shiga makarantar koyon zane, wadda har yanzu tana nan kusa da tsohuwar ganuwar birnin, ƙila ma ka sha wucewa ta gabanta. Daga nan ya tare a Zakopane.

Zakopane da ya tarar

Garin da ka gani ranar Asabar, mai cike da otal da shaguna, ƙauyen makiyaya ne da ya fara tashe a lokacin. Mutanen wurin, Gorale, makiyayan tumaki ne da masassaƙa. Su ne masu farin wandon ulu da sanda mai kan gatari, su ke yin cukun nan mai hayaƙi da ake ce wa oscypek, wanda na tabbata an tallata maka a kan titi. Wani likita daga Warsaw, Tytus Chałubiński, shi ya fara kururuta iskar wurin a shekarun 1870, sai masu tarin fuka suka yi ta zuwa jinya, masu zane da marubuta suka biyo baya. An kafa ƙungiyar masoya Tatra a 1873. Jirgin ƙasa ya iso garin a 1899, daga nan baƙi suka ɓarke.

Akwai kuma siyasa a ciki. Zakopane a ɓangaren Ostiriya take, inda aka fi sakar wa 'yan Polan mara su yi harshensu. Mutumin da aka hana shi ƙasa, in ya hau dutsen Giewont ko na Rysy sai ya ji kamar ya taka abin da yake nasa.

Tatra ba su da tsawo ƙwarai in aka gwada su da na wasu wurare. Rysy, wanda ya fi kowanne tsawo a ɓangaren Polan, mita 2,499 ne. Gerlach da ke ɓangaren Silobakiya bai kai mita 2,700 ba. Wannan ne ma ke yaudarar mutane. Duwatsu ne masu kaifi, gangarensu a miƙe, yanayinsu yana juyawa cikin rabin sa'a. Akwai wata iska mai ɗumi da suke kira halny, tana gangarowa daga kudu da ƙarfin da ke tumɓuke itatuwa, ta narkar da saman dusar ƙanƙara, ta bar gangare a sake. A zamanin Zaruski da rani kawai ake hawa. Da sanyi kuwa, in ban da mafarauta da 'yan tsirarun masu taurin kai, ba mai leƙawa.

Allunan zamiya da sanda guda

Ba shi ya fara kawo allunan Tatra ba, a nan wanda ya gaya maka ya ɗan ƙara gishiri. Bayan Fridtjof Nansen ɗan Norwe ya ratsa Girinlan a kan alluna a 1888, Turai duka ta kamu da son abin. A 1894 Stanisław Barabasz, malamin zane, ya kai da allunansa har tafkin da ke ƙarƙashin dutsen Kościelec. Abin da Zaruski ya yi shi ne mayar da wasan 'yan tsiraru ya zama fanni mai ƙa'ida da malamai. A 1907 yana cikin waɗanda suka kafa sashen masu zamiya na Zakopane, ya shirya darussa, kuma a 1908 shi da Henryk Bobkowski suka fitar da littafin koyon abin da harshen Polan.

Akwai gardamar da aka yi a lokacin wadda ke nuna yadda yake tunani. Allunan Norwe dogaye ne, maɗaurinsu sake-sake, an yi su ne don ƙasa mai tudu da kwari a hankali. Ka kai su gangare mai tsayi, diddigenka ya riƙa gocewa gefe, juyawa ta gagare ka. Wani mutum a Lilienfeld ta Ostiriya, Mathias Zdarsky, ya gajarta allunan, ya ƙera maɗaurin ƙarfe da ke hana diddige gocewa, ya kuma koyar da saukowa a karkace, dama da hagu, da doguwar sanda guda ɗaya da ake dogarawa ana birki da ita. Zaruski wannan hanya ya bi, ya kare ta da zafi. Daga baya sanda biyu ta yi nasara a ko'ina. Amma a idonsa alluna abin hawa ne da zai kai mutum can cikin dutse ya dawo da shi lafiya, tsere da ƙwalisa ba su dame shi ba.

Ka tuna kuma babu keken igiya mai ɗaukar mutane sama. Wanda ke zuwa kan dutsen Kasprowy Wierch sai a 1936 aka buɗe shi. Duk gangaren da za ka sauko, da ƙafarka za ka fara hawansa. Suna ɗaura fatar wata dabbar teku a ƙarƙashin allo, gashinta a kwance ta fuska ɗaya, sai allon ya zame gaba amma ya ƙi komawa baya. Har yau haka ake yi, sai dai fatar ta zama ta roba ko ta gashin akuya. Na gwada sau da yawa. Awa huɗu kana jan ƙafa kana haki, gumi na daskarewa a gashin bakinka, don saukowar minti ashirin. Ni da kayan zamani ke nan, da takalmin da ke riƙe idon sawu kamar an yi masa ɗori. Su da katako da takalmin fata suka sauko daga Kozi Wierch, mai mita 2,291, da kuma Kościelec, tun kafin yaƙin duniya na ɗaya. Akwai wani kwazazzabo a jikin Kościelec da har yau sunan Zaruski yake amsawa. Na tsaya a ƙasa na ɗaga kai na kalle shi, ban taɓa sha'awar gwadawa ba.

Mutuwar da ta haifi ƙungiya

Da baƙi suka yawaita, haɗura suka yawaita. In wani ya ɓace, sai a shiga gari ana cigiyar wanda zai je nema, a yi cinikin lada, a aro igiya a nan, a aro fitila a can. Kafin a haɗa mutane an ci yini guda. Zaruski da abokinsa Mieczysław Karłowicz, fitaccen mai tsara kiɗa kuma mai ɗaukar hoton duwatsu, suka fara kiran a kafa tsayayyar rundunar ceto. Aka yi ta jan ƙafa.

Ranar 8 ga Fabrairun 1909 Karłowicz ya fita shi kaɗai a kan alluna. A gindin Mały Kościelec dusar ƙanƙara ta zaftaro ta binne shi. Shekararsa 32. Zaruski ne ya jagoranci masu neman, suka bi sawun allunansa har inda sawun ya ɓace a ƙarƙashin tarin ƙanƙara, suka yi ta tono har suka ciro gawarsa. Akwai dutsen tunawa a wurin, a gefen hanyar da ke zuwa tafkin nan na ƙarƙashin Kościelec, za ka gan shi in ka bi ta nan.

Bari in ɗan tsaya a kan zaftarewar, don mutanenmu suna ɗaukar dusar ƙanƙara kamar auduga. Tana zuba ne hawa-hawa, kowane zubi da irin ƙarfinsa. In iska ta daddaɓe wani hawa ya yi tauri a kan wani mai gari-gari, to an ɗana tarko. Nauyin mutum ɗaya ya isa ya tsage na saman, ya taho gaba ɗaya kamar faifai. Gangaren da ya karkata tsakanin digiri 30 zuwa 45 ya fi yin haka, kuma sau da yawa wanda abin ya ci shi ne ya tayar da shi da ƙafarsa. In ta tsaya sai ta daskare nan take. Wanda ya taɓa ganin ramin haƙar ƙasa ya rufta da mutum ya san abin da nake nufi, ko yatsa ba ka iya motsawa. Alƙaluman da aka tattara a Suwizalan sun nuna cewa wanda aka tono cikin minti 15 na farko, kusan tara cikin goma suna rayuwa. In aka haura rabin sa'a, yawancinsu numfashi ya riga ya ƙare. Ka ga ke nan ba a fafe gora ranar tafiya. In ba a riga an tanadi mutane da kaya da wanda zai ba da umarni ba, gawa kawai za a je ɗaukowa.

Mutuwar Karłowicz ta sa aka daina jan ƙafa. Ranar 29 ga Oktoban 1909 hukuma a birnin Lwow ta yi wa ƙungiyar rajista. Ita ce TOPR, rundunar 'yan sa kai masu ceto a Tatra, mai alamar shuɗin kuros da ka gani a jikin motocinsu. Shugaban ƙungiyar na farko likita ne, Kazimierz Dłuski, mijin yayar Marie Curie shahararriyar masaniyar kimiyya, wanda shi da matarsa suke da asibitin masu tarin fuka a kusa da garin. Zaruski ya zama kwamandan masu fita aiki. Mataimakinsa kuwa Klemens Bachleda, wanda kowa ke kira Klimek.

Zaruski ya sa kowane mai shiga ya yi rantsuwa ya ba shi hannu: muddin yana da lafiya, duk lokacin da kwamanda ko mataimakinsa ya kira, ko wane lokaci ne na shekara, dare ko rana, ko yaya yanayi yake, zai zo da shirinsa ya tafi dutse bisa umarnin da aka ba shi. Har yau da wannan alkawari ake shiga. Ka lura da rabinsa na biyu. Mutum ya yi alkawarin zuwa, ya kuma yi alkawarin bin umarni.

Agustan 1910

Klimek Bagorale ne, an haife shi a talauci, ya yi kiwo, ya yi sassaƙa, sannan ya zama jagoran masu hawa. A zamaninsa ba a yi kamarsa ba a Tatra. Yana cikin ayarin da ya fara hawa Gerlach da sanyi a Janairun 1905. A 1910 yana dab da shekara sittin, ya girmi Zaruski nesa ba kusa ba, kuma ya fi shi sanin dutsen. Shi ya tashi a cikinsa, Zaruski zuwa ya yi.

Wasu matasa biyu, Stanisław Szulakiewicz da Jan Jarzyna, suka shiga bangon arewa na dutsen Mały Jaworowy, wanda a lokacin yake ɓangaren Hangari, yau kuma Silobakiya. Szulakiewicz ya faɗo ya ji mummunan rauni. Abokinsa ya ɗaure shi a wani ɗan tudu a jikin bangon, ya sauko neman taimako. Masu ceto suka taso daga Zakopane, tafiya mai nisa, suka iso a gajiye, suka shiga bangon ranar 6 ga Agusta. Sai hadari ya same su a tsakiya: ruwa, ƙanƙara, tsawa, duwatsu na gangarowa daga sama, ruwa na kwarara ta kowace tsaga. Jikinsu ya jiƙe sharkaf, yatsu suka sandare. Kuma suna jin muryar yaron yana kira.

A nan Zaruski ya ce a juya. Klimek bai juya ba, ya ci gaba shi kaɗai, babu igiyar da ta haɗa shi da kowa. Kiran da Zaruski ya yi masa ya zama sananne a Polan: "Klimku, wracajcie!" Ma'anarsa "Klimek, ku dawo!" Da jam'i ya kira shi, kamar yadda mu ma muke ce wa babba "ku", don Gorale haka suke girmama dattijo. Kwamanda ne yake ba da umarni, amma da bakin ƙaramin da ke roƙon babba. Klimek ya ɓace musu a cikin hazo. Ya faɗo daga bangon ya rasu, sai bayan kwanaki aka samu gawarsa. Szulakiewicz ma da aka kai gare shi ya riga ya cika.

Zakopane ta girgiza. Aka yi wa Klimek jana'iza ta girma, ya zama gwarzo, kuma ya cancanta. Zaruski kuwa ya sha suka, har da masu cewa tsoro ne ya sa shi juyawa. Maganar da abokinka ya gaya maka jikar waccan sukar ce.

Yadda nake ganin abin

Zaruski bai bar Klimek ba. Umarnin juyawa ya haɗa da Klimek, ya kira shi da sunansa, Klimek ne ya zaɓi ya wuce. Tambayar da ta fi nauyi ita ce ko daidai ne a juya alhali ana jin muryar mai rauni.

Dubi zaɓin da ke gabansa. Na farko, kowa ya ci gaba. Mutane ne da suka kwana suna tafiya, hannuwansu ba sa iya riƙe dutse, igiyarsu ta zare ce wadda in ta sha ruwa take nauyi ta ƙage, ga tsawa, ga ruwan duwatsu. In ɗaya ya zame zai iya jan na ɗaure da shi. Kuma ko sun isa, sai sun sauko da mutumin da ba ya iya tsayuwa ta wannan bangon, cikin wannan hadarin. Na biyu, a tsaya a jikin bango a jira hadari ya wuce. Jiƙaƙƙen mutum a cikin iska a wannan tsawo, ko da rani ne, sanyi yana iya kashe shi kafin gari ya waye. Na uku, a sauko, a huta, a sake shiri a dawo, da sanin cewa mai raunin ƙila ba zai kai ba. Dukkansu ba mai daɗi. Ya ɗauki wanda adadin gawarwaki zai fi ƙaranci a cikinsa. Abin da ya faru da Klimek, mutumin da ya fi su duka ƙwarewa, shi kansa shaida ne a kan halin da bangon yake ciki ranar.

Abu na farko da muke koya wa sabon mai agaji, kafin ɗaurin rauni, kafin danna ƙirji, shi ne ya tsaya ya duba ko wurin zai ci shi. Kuma shi ne darasin da ya fi wuyar shiga, domin masu zuwa wannan aikin masu zuciya ne. A nan ne labarin ya taɓa mu kai tsaye. Kusan kowace shekara muna jin an yi asarar mutum biyu ko uku a rijiya ɗaya. Mai yasar rijiya ya shiga, iskar ƙasan rijiyar ba ta da abin shaƙa, ko an kunna injin jan ruwa hayaƙinsa ya taru a ciki, sai ya sulale. Ɗan'uwansa ya ga haka ya faɗa ba igiya, shi ma ya sulale. Na uku ya bi. Na taɓa zuwa wani ƙauye ba da horo 'yan makonni bayan irin wannan. Aka nuna mini wani dattijo da ya riƙe mutum na huɗu ta ƙugu ya hana shi shiga, har rigar ta yage a hannunsa. Wasu a garin ba sa gaishe shi. Uwar ɗaya daga cikin mamatan ta ce da ya saki yaron da an ciro ɗanta. Dattijon bai ce komai ba duk zaman da muka yi, yana ta juya carbi. Da zan tafi ya riƙe hannuna ya tambaye ni, a hankali, ko akwai yadda za a gane iskar rijiya ta ɓaci kafin a shiga. Tun daga ranar, in na karanta labarin Zaruski fuskar wannan dattijon nake gani.

Amma kada ka ɗauka ina rage wa Klimek daraja. Mutum ne da ya shekara da shekaru yana kai 'ya'yan mutane dutse yana dawo da su, ga kuma ɗan wani yana kuka a samansa. Ban isa in ce ya yi wauta ba. Ni mai tafiya a kan hanyoyin da aka shata ne, da ɗan abin da na taɓa na zamiya. Ban taɓa rataye a bango irin wannan cikin tsawa ba, kuma hukunci daga ɗaki mai ɗumi yana da arha. Abin da zan iya tsayawa a kai shi ne na fannina. Rundunar da kowa zai bi zuciyarsa in abu ya yi zafi ba za ta daɗe ba, kuma wanda aka ɗora wa ba da umarni dole ya iya furta kalmar da za a tsane shi saboda ita. TOPR ba ta cika shekara ɗaya ba lokacin. Da mutum biyar ko shida suka mutu a bangon nan, da wuya ta tashi. Ta tashi, ta haura shekara ɗari, yau har jirgi mai saukar ungulu gare ta. Su ma mutanen TOPR ba su zaɓi ɗaya sun yar da ɗaya ba, duka biyun nasu ne.

Sauran rayuwarsa

Ya riƙe kwamandancin har 1914. Da yaƙi ya ɓarke ya shiga rundunar Józef Piłsudski, jagoran masu fafutukar dawo da ƙasar Polan, yana da shekara 47, ya zama sojan doki. A Afrilun 1919 yana cikin mahayan da suka shiga birnin Vilnius, daga baya ya jagoranci runduna guda ta mahaya, ya kai muƙamin birgediya janar, ya kuma zama babban dogarin shugaban ƙasa Stanisław Wojciechowski. Da ya ajiye kaki a 1926 sai ya koma ga ƙaunarsa ta fari. Sabuwar Polan ta samu ɗan bakin teku a Baltik amma ba ta da matuƙa, sai ya sa kansa aikin koya wa matasa. Yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar masu tuƙin jiragen ruwa da iska ke turawa ta ƙasar a 1924, kuma daga 1935 ya zama kyaftin ɗin Zawisza Czarny, jirgin horar da 'yan sikawut, yana tsoho mai kusan saba'in yana zagaya Baltik da yara. Aiki ɗaya ne da wanda ya yi a Zakopane: a tara matasa, a koya musu igiya da ƙulli da jin magana, a fita da su, a dawo da su cif.

Ƙarshensa ya yi muni. Bayan Jamus da Tarayyar Sobiyet sun mamaye Polan a 1939, 'yan sandan ciki na Sobiyet suka kama shi a Lwow a 1940. Ya rasu a kurkukun birnin Kherson, wanda yau yake cikin Yukren, ranar 8 ga Afrilun 1941, cutar kwalara ta kashe shi, yana da shekara 74. Akwai jirgin horo mai sunansa, Generał Zaruski, wanda aka ƙera a Suwidin, yanzu yana hannun birnin Gdansk.

Tunda kana kusa, shawara biyu. In za ka koma Tatra da sanyi, duba sanarwar zaftarewar ƙanƙara da TOPR ke fitarwa kullum. Ma'aunin daga 1 zuwa 5 ne, kuma kada lamba 3 ta ruɗe ka don tana tsakiya, a kanta mutane da yawa suke mutuwa. A Janairun 2003 zaftarewa ɗaya a hanyar Rysy ta kashe mutum takwas daga wani ayarin 'yan makaranta. Ka kuma sani ceto kyauta ne a ɓangaren Polan, amma in ka tsallaka Silobakiya biya ake yi, don haka yi inshora kafin ka tafi.

Ta biyu, in kana da awa ɗaya a garin, leƙa makabartu biyu. A tsohuwar, Pęksowy Brzyzek, bayan tsohon cocin katako da ke titin Kościeliska, akwai kabarin Zaruski, inda a 1997 aka kawo abin da aka ɗebo daga makwancinsa na Kherson aka binne. Klimek yana sabuwar makabarta da ke titin Nowotarska, ƙarƙashin wani ƙaton dutse. Tafiyar ƙafa ce tsakaninsu, ba sai ka hau mota ba.